Shekarar Da Somasiri Bai Ɗaura Igiya Ba

Da tsanin masu yi wa wurin ibada fenti aka sauko da Somasiri daga kan bishiyar kwakwarsa. Da wannan na fara domin shi ba zai taɓa faɗa muku ba, ni kuwa ina wurin, har ni na riƙe wa tsanin ƙafa ɗaya.

Da hantsi ne, wajen ƙarshen Nuwamba. Ina bakin ƙofata ina bugun ɓawon kwakwa, sai muka ji ƙahon jirgin ruwa daga wajen sabuwar tasha, irin mai kaurin nan da mutum ke ji har cikin cikinsa. Somasiri yana zaune a sabuwar rumfarsa da takalmi a ƙafa. Ya tuɓe takalmin, ya naɗe zaninsa ya soke a ƙugu, ya nufi doguwar bishiyar da ke bayan madafarsu. Matakalar jikinta ɓawon kwakwa ne da ake ɗaɗɗaurewa da igiya, kuma waɗannan tsofaffi ne, ruwan sama ya gama cinye su. Yana takawa suna tsinkewa a bayansa, bai ko duba ƙasa ba. Ya kai ƙoli, ya kare idonsa da hannu, ya hango teku.

Jirgin kwasar yashi ne.

Muka tsaya muna jira ya sauko ya faɗa mana da bakinsa. Bai sauko ba. Ya zauna cikin ganye ya rungume curin kwakwa kamar wanda aka ba ajiya.

Na ɗaga murya na ce, "Aiya, Turawan nawa ne? Ƙirgo mana su."

Ya ƙara ƙanƙame curin.

Na ƙara da cewa, "Ko sun ce ka jira su a nan sama?"

Matarsa Irangani ta fito da ludayi a hannu. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonsa, sannan ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Nangi, je ki aro tsani." Haka suke kirana su biyun, wato ƙanwa, ni kuma in ce masa Aiya, wato yaya, ko da yake ba abin da ya haɗa mu sai shingen da ke tsakanin gidajenmu.

Kafin tsanin ya iso, rabin garinmu Kirimodara ta hallara, har da mai sayar da burodi da ya kashe kekensa mai ƙafa uku ya tsaya kallo. Da aka sauko da shi sai muka ga dalili. Tafin ƙafarsa ya saɓule, fatar tana lilo kamar ɓawon dafaffen dankali. Na shirya masa tsokana kusan biyar a bakina, na haɗiye huɗu. Ɗayar da na saki ma ba wanda ya yi dariya.

Ga wanda bai san shi ba, abin ba zai yi masa nauyi ba. Somasiri mai tatsar kwakwa ne, haka ubansa. Tun ina yarinya in na ɗaga kai da safe nake ganinsa can sama yana tafiya a kan igiya daga wannan bishiya zuwa waccan, igiya ɗaya ƙarƙashin ƙafa, ɗaya a hannu, tulu a ƙugu, akwatin wuƙaƙe yana kaɗawa a bayansa. Sau ɗaya yake hawa, sai ya gama zagaye gonar duka sannan ya taka ƙasa. Da yamma ya sake. Bai taɓa faɗowa ba. Ƙafarsa ta yi kanta har yara kan ce in ya taka ƙaya, ƙayar ce ke jin jiki. A ƙasa kuwa tafiyarsa abin dariya ce, yana buɗe ƙafa yana rangaji kamar agwagwa, ga rashin magana. In ka gaishe shi sai ya ɗaga gira, ka samu amsa ke nan.

Ruwan da ya sauko da shi, wani yakan tafi wa masu bammi, amma mafi yawa Irangani ke dafawa. Tana shafa wa tulunan farar ƙasa don kada ruwan ya yi tsami, ta juye a babban kasko, ta yi ta juyawa har ya zama maɗi, wani ta bar shi ya daskare a ƙoƙon kwakwa ya zama mazarƙwaila. Na shekara da shekaru ina shanya a cikin ƙamshin nan. Tufafina duk maɗi suke ƙamshi, marigayi mijina har yakan ce ƙudaje sun fi shi sona.

Ni kuwa igiyar nake tufka musu. Sunana Premalata, aji uku na yi a makaranta na gudu, amma a kan igiya ba mai koya mini komai. Kowace shekara kafin bikin sabuwar shekara a watan Afrilu, Somasiri zai leƙo ta kan shinge ya ce, "Nangi, kamar ta bara." Shi ke nan cinikin. Igiyar sama ba ta wuce shekara ɗaya, rana da ruwa suna cinye ta, dole a sake sabuwa kafin a fara tatsa.

To, sai maganar tasha ta zo. Aka ce za a gina wurin da manyan jiragen 'yan yawon shaƙatawa za su riƙa tsayawa, a can bakin kogi inda masunta ke jan kwale-kwalensu. Aka kori masuntan suka matsa gaba, aka zuba duwatsu, aka kafa allo mai hoton wani farin jirgi da ya fi tsaunin bayan garinmu tsawo. A ƙasan hoton aka rubuta Disamba da shekarar. Wani mutumin tasha mai hular rana ya riƙa bi gida-gida yana bayani. Ya ce jirgi ɗaya in ya juye mutanensa sun fi mutanen Kirimodara yawa, kuma kowannensu da ƙishirwa yake saukowa. Ya tsaya a gonar Somasiri ya ɗaga kai ya ce, "Baba, kana zaune a kan rijiya ba ka sani ba. Ɗanyar kwakwa suke so, a sare musu kai a sa tsinken zuƙa. Ka daina wahalar da kanka a sama."

Abin da mai hular bai sani ba, ko ya sani bai dame shi ba, shi ne bishiya ba ta ba ka biyu. Furen kwakwa a cikin kube yake fitowa. In tatsa za ka yi, tun bai buɗe ba kake ɗaure kuben tam, ka yi ta bubbuga shi da 'yar guduma kullum har ya yi laushi, ka yanke bakinsa ka rataya tulu. Wannan furen ya tafi ke nan, ba zai haifi kwakwa ba. In kuma kwakwar sha kake so, sai ka ƙyale shi ya buɗe, ka jira wata bakwai. Wato wanda ke son ya sayar wa baƙin jirgi a Disamba, tun Afrilu zai naɗe hannu. Su mutanen tasha suna iya wayar gari su goge wata su rubuta wani. Bishiya ba ta san wannan ba.

A Afrilun nan na jira shi a bakin shinge bai leƙo ba. Ni na leƙa.

"Aiya, kamar ta bara?"

Ya ce, "Bana a'a."

"Ka samu wata mai tufka ke nan. Ta fi ni kyau?"

"Zan bar su su yi 'ya'ya."

"Kai kuma ka yi me? Ka zauna ka yi musu renon ciki?"

Ya ɗaga gira ya shige.

Ban ce wauta ya yi ba. Mutum ya doshi sittin, gwiwa ta fara yi masa magana da sanyin safiya, 'yarsu guda tana aure can Kolombo, ba mai gadon igiyar. Aka nuna masa hanyar da zai ci abinci yana tsaye a ƙasa. Ni ma da ni ce, da na saurara. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Mai shayin bakin titi ya rushe bangonsa ya sa gilashi. Masu keke mai ƙafa uku suka yi wa kekunansu fenti iri ɗaya. Ni kaina na ɓata wata biyu ina saƙa 'yan giwaye da zaren kwakwa, suna nan cikin buhu ƙarƙashin gadona, ɓeraye sun cinye wa wasu hanci.

Somasiri ya kafa rumfa a bakin hanyar da za ta fito daga tasha, ya yi mata shuɗin fenti. Aka kira su wani taro aka koya musu yadda ake yi wa baƙo murmushi, aka ce kowa ya sa takalmi, baƙi ba sa son ganin ƙafa a waje. Ya sayi takalmi ya riƙa sawa kullum don ya saba. Wata bakwai bai taɓa jikin bishiya ba, ba abin da zai kai shi. Ya yi ta zama a rumfar da ba komai a cikinta, yana gwada murmushi a kan awaki. Kantar da ya tara tun yana saurayi tana narkewa a cikin takalmi, ba wanda ya lura, har ranar jirgin yashi.

Disamba ta zo yana ɗingishi da tsumma a ƙafa. Aka ce an ɗaga zuwa Fabrairu, wai ruwan bakin tashar bai kai zurfin da ake so ba. Kwakwar sha ba ta jiran Fabrairu. Ruwanta ya ja baya, namanta ya yi tauri, ɓawon ya bushe. A ƙarshe masu doguwar gora suka zo daga wani ƙauye suka ƙwaƙulo su da ƙugiya, motar masu matsar mai ta kwashe a farashin da ba zan faɗa ba. Somasiri yana zaune yana kallon wasu maza suna zungurar bishiyoyinsa daga ƙasa.

Fabrairu ta wuce ba a ce komai ba. Wannan ya fi ɗagawar ciwo, domin ko ranar da za ka ji haushinta babu. Injin ɗaga kaya yana tsaye da hannunsa a sama, wata rana ya motsa, wata rana hankaki su kwana a kansa. Sai a yi mako ana jin ƙarar aiki har mutane su fara share ƙofar shago, sai kuma a yi shiru. Piyadasa mai gadin ƙofar tashar, ɗan garinmu ne, shi muke tambaya. Yau ya ce saura kaɗan. Gobe ya ce injiniyan ya tafi bikin 'yarsa. Wata rana na same shi yana shanya barkono a kan sabon simintin da aka ce baƙi za su taka.

Na ce, "Piyadasa, tsakaninka da iyayenka, za a buɗe ko ba za a buɗe ba?"

Ya ce, "Akka," haka suke kiran yaya mace, "ni ƙofa aka ba ni. Da za a buɗe da ba za a buɗe ba, duk rufe ta nake yi."

Daga baya muka daina tambaya. Ba fushi muka yi ba, ba kuma haƙura muka yi ba. Abin ya zama kamar haƙorin da ya gama ciwo ya mutu a baki, kana taɓa shi da harshe ba ka jin komai. In ƙaho ya yi kuka daga teku, ba mai ɗaga kai sai karnuka.

Murhun Irangani ya yi sanyi, kaza ta samu wurin ƙwai a cikin kaskon maɗi. Ta fara zuwa shanyar kifi a bakin teku tare da matan masunta, ta dawo da yamma tana ƙarni, matar da ta yi rayuwarta cikin ƙamshin zaƙi. Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, kuma shingenmu ba ya ɓoye komai. Sai dai ta ajiye masa shayi ta wuce. Shi kuma kowace safiya ya sa takalmi ya tafi rumfa ya zauna. Fentin ya koɗe. Ba ya kallon tasha, ba ya kallon hanya. Ƙafarsa ta warke, sabuwar fata ta fito sumul kamar ta jariri.

Nakan bi ta wurin in tsokane shi, don in ga ko akwai sauran mutum a ciki.

"Aiya, a ba ni guda biyu masu sanyi, jirgina zai tashi."

"Sun ƙare."

"Kasuwa ta yi kyau ke nan."

Ko girar ya daina ɗagawa.

Ana cikin haka, a watan Maris aka aiko mai fenti ya hau allon. Muka taru muna kallo ko zai rubuta wani abu sabo. Ya bar Disamba yadda take, ya goge shekarar ya ƙara ɗaya, ya sauko ya nemi inda ake sayar da shinkafa. Aka tambaye shi ko wannan karon da gaske ne. Ya ce shi abin da aka rubuta masa a takarda ya kwafa.

Afrilu kuma ga ta tafe. Kowa a layinmu ya san abin da ke gaban Somasiri, ba wanda ya furta. In ya ɗaura igiya bana, zai sha azaba wata ɗaya ko biyu, ƙafa ta fashe ta warke ta sake yin kanta, ya koma sama, amma in jirgin ya zo a Disamba ba shi da ko kwakwa ɗaya, rumfar da shekarar da ya ƙona sun tafi a banza. In kuma ya sake naɗe hannu, to ya sauko ke nan har abada. Mai shekarunsa ba ya barin igiya shekara biyu ya koma. Ba ƙafar kaɗai ba, ido ma yakan koyi kallon ƙasa.

Ban jira ya ce kamar ta bara ba. Na jiƙa ɓawo, na buga, na tufka masa igiyar da ta fi kowace da na taɓa yi, na naɗe ta na jingina a jikin shingen ta ɓangarensu. Kwana biyu tana nan, ba wanda ya taɓa. A rana ta uku da sassafe na fito zubar da ruwan wanke-wanke, sai na hange shi a gindin doguwar bishiyar, ba takalmi. Ya yanki guntun igiyata ya yi zobe ya sa a idon sawu. Ya rungumi bishiyar ya hau, kamar tsayin mutum biyu. Nan ya tsaya. Ya manna goshinsa a jikin itacen ya daɗe a haka, sannan ya zamo ƙasa a hankali, ya cire zoben ya cusa cikin ƙugu. Na koma ciki da ruwan wanke-wankena ban zubar ba. Wannan karon ban ba kowa labari ba, kuma wanda ya san ni ya san abin da hakan ya ci mini.

Ranar sabuwar shekara, kamar kullum, kowa ya kashe wuta ya ajiye aiki, ana jiran lokacin da masu duba taurari suka tsayar. Da lokacin hura wuta ya yi aka dafa shinkafa da madarar kwakwa. Sai kuma lokacin fara aiki, wanda kowa zai fuskanci inda aka ce a fuskanta ya taɓa sana'arsa da hannu, ko da kaɗan ne. Manomi ya sari ƙasa, tela ya ɗinka taku biyu. Abin da ka taɓa a lokacin nan shi ne aikinka na shekarar. Tun da na san Somasiri, abin da yake yi shi ne ya ɗaura matakala ta farko a jikin doguwar bishiya, Irangani tana riƙe da fitilar mai.

Na kai musu farantin ƙosan zaƙi, wai gaisuwar shekara, amma kowa ya san kallo na je. Irangani ta riga ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ta fito da akwatin wuƙaƙen tatsa, ta goge shi da mai har yana ƙyalli, ta ajiye kusa da igiyata. A ɗaya gefen kuma ga addar da ya saya don rumfa, da ɗanyar kwakwa guda da wani ya kawo musu. Wannan shi ya ajiye da kansa.

Rediyon maƙwabta ya sanar lokaci ya yi, garin ya ɗauki ƙarar wasan wuta. Somasiri ya tashi ya fuskanci kudu yadda aka ce. Ya tsaya a gaban akwatin. Ya sunkuya ya gyara masa murfi, don ya ɗan karkace. Sannan ya ɗauki addar, ya riƙe kwakwar a tafin hannu, ya sare mata kai sara uku. Ruwan ya fantsamo masa a riga.

Irangani ta hure fitilar. Ta ɗauki akwatin ta shiga da shi ɗaki, na ji ta tura shi ƙarƙashin gado.

Ya miƙo mini kwakwar, tunda ni ce baƙuwa. Na karɓa na sha. Ba ta ko yi zaƙi ba. Can sama iska tana kaɗa ganye, ina ganin kuben furanni sun kumbura, wasu har sun fara tsagewa. Ya kamata in yi shiru, na sani. Amma shirun gidan ya fi ƙarfina, kuma ni in ban yi magana ba ciwo nake yi.

Na ce, "To Aiya, ka sake ba su shekara ke nan. Mutanen da ko watan da suka rubuta ba su sani ba. Kai ba ka jin tsoron rataya rayuwarka a jikin maganarsu?"

Ya goge addar a zaninsa, gaba da baya, ya dube ni sosai, abin da ya daɗe bai yi ba.

Ya ce, "Nangi, na yi rayuwata ina tafiya a sama a kan igiyar da kike tufkawa alhali bakinki na gulmar gidan mutane, idonki na kan titi. Wanda ya amince da wannan, maganar mutanen tasha ce za ta ba shi tsoro?"